Mai Sauraro a Bakin Randa

Ranar Juma'a, da misalin ƙarfe takwas na safe, aka tsinci gawar Tedo mai wankin randuna a cikin randa ta huɗu a maranin tsoho Shalva, wato ɗakin da yake haɗa giyar inabi. Eteri, 'yar Shalva, ita ta gan shi. Dawowarta ke nan daga garin Telavi, inda ita da mijinta suka kwana huɗu suna jinyar surukarta, ta tarar da karen Tedo kwance a ƙofar marani ya ƙi tashi, mabuɗi kuma yana jikin ƙofa. Ta shiga. Randuna shida ne binne a ƙasa har wuya. Biyar cike suke da farin inabin bana, ruwa da ɓawo da ƙwallo duk a haɗe, suna tsima. Ta huɗu, wadda ya kamata a same ta a buɗe babu komai a ciki, an rufe ta da marfin dutse. Tsani yana jingine da bango. Eteri ta ja marfin. Har gidan burodi aka ji ihunta.

Likita ya ce kwana uku da mutuwa, kuma babu rauni a jikinsa. Iskar tsimi ce ta kashe shi. Wannan ba ya bukatar bayani a ƙauyen: iskar da ke fita daga randa mai tsima nauyi gare ta, tana bin ƙasa kamar ruwa, ta gangara cikin duk ramin da ta samu. Abin da ya bukaci bayani shi ne tsani da marfi. Wanda iska ta shaƙe ba ya fitar da tsaninsa waje ya rufe kansa.

Sufeto Kakha ya aika a kira Zakro.

Zakro ya shekara talatin yana gadin daji kafin ya yi ritaya. Idan kyarkeci ya ɗauki ɗan maraƙi, ko ɓarawo ya kore doki, shi ake nema. Ya shiga marani ya tsuguna, ya daɗe yana kallon daɓen ƙasar. An share shi da tsintsiya tun daga bango har ƙofa. Ya fita ya zaga baya. A can, gindin ɓaure, ya sami sawun takalmin roba, diddigen hagu ya cinye, da kashin tumaki a manne cikin zanen tafin.

"Na yaushe ne?" in ji Sufeto.

"Kafin yayyafin Talata da rana. Makiyayi ne."

Makiyayi ɗaya ne ya sauko daga dutse a lokacin: Ramiz, Musulmi ɗan ƙabilar Azeri, wanda ke ajiye garkensa a bakin kogi. Kowa ya san tumakinsa sun shiga gonar Tedo makonni biyu da suka wuce, Tedo ya karya ƙafar wata tunkiya da sanda, Ramiz kuma ya rantse a gaban kanti cewa sai ya rama. Kafin azahar yana ɗakin tsaro. Sufeto ya kulle marani, ya sa mabuɗin a aljihu, ya ce motar Telavi za ta zo ɗaukar mutumin Lahadi da safe. Maza wajen goma sha biyar suka tsaya a gaban ofishin suna shan taba. Babu wanda ya ɗaga murya, babu kuma wanda ya tafi.

*

"Kai ne mai idon nan?" in ji Ramiz, da Zakro ya shiga ɗakin tsaro. Yana zaune a kan benci, an cire masa takalma. "An ce kai ka gan ni a ƙasa."

"Na ga takalminka. Me ya kai ka can?"

"Ɗan rago ya ɓace. Na bi ta bayan gidan, na ji waƙa tana fitowa kamar daga cikin rijiya. Na gane muryar Tedo, na yi tsaki na wuce."

"Ka ji muryar wani ban da shi?"

"A'a. Waƙar kaɗai. Kafin in kai katanga ma ta tsaya."

"Ba ka leƙa ba?"

Ramiz ya yi dariyar da ba ta da daɗi. "In leƙa ɗakin giyarku da safe? Ni? Batono Zakro, ranka ya daɗe, shekara ashirin ina wucewa ta ƙauyen nan, har yau idan kaza ta ɓace ni ake kallo. Wa ke kula da tumakina yanzu?"

Zakro ya koma wajen Sufeto. Sawun ya zo daga kogi, ya tsaya gindin ɓaure, ya wuce ta katanga, bai taɓa kusantar ƙofa ba. Zakro ya ga haka tun da safe. Sufeto bai tambaya ba, shi kuma bai faɗa ba. Yanzu da ya faɗa, Sufeto ya ɗaga kafaɗa.

"Wanda ya iya share ɗaki ya iya share bakin ƙofa. Kawo mini wani, in saki wannan."

*

Tsiala, matar Tedo, tana zaune a tsakar gida cikin baƙaƙen kaya, mata suna shiga suna fita da kujeru. Ba ta kuka. Ta ce wa Zakro ba ta nemi mijinta ba saboda a kaka haka yake yi, daga wannan gida zuwa wancan, inda dare ya same shi nan zai kwana.

"Zai iya shiga randa shi kaɗai?"

"Zakro, ka san shi tun kuna yara. Mashayi ne, mai baƙar zuciya ne, amma ba wawa ba ne. Shekara talatin da biyar bai taɓa shiga ba sai ya zura kyandir ya ga yana ci. Bai taɓa shiga ba sai da mutum a bakin randa yana sauraro. Don me kake jin yake waƙa? Don daɗin muryarsa? Muryar kamar ƙofar langalanga. Yana waƙa ne don na sama ya san yana numfashi. Waƙa ta tsaya, a ja igiya."

"Zai yarda Ramiz ya tsaya masa?"

"Ko guga ba zai ba shi riƙo ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Ka tambayi Gocha. Ranar Lahadi ya ce wa Tedo wankinsa na ƙarshe ke nan a gidansu."

Gocha, mijin Eteri, yana ƙarƙashin motarsa lokacin da Zakro ya same shi. Ya fito yana goge hannu.

"Na faɗa, kuma zan sake faɗa. Inji ya fito, minti arba'in ya wanke randa, babu gogewa da ɓawon itacen ceri, babu waƙa, babu gawa. Tsohon ne ya ƙi. Wai injin zai kankare kakin zuman da kakansa ya shafa a cikin randunan." Ya jefar da tsumman. "Yanzu ni ne? To je asibiti ka tambaya. Kwana huɗu ina kan kujerar roba, duk ma'aikatan jinyar sun san munsharina."

Zakro ya duba tayoyin motar. Farar ƙurar babban titi ce, busasshiya, babu jan laka na ƙauyen sai na safiyar ranar. Ya bar shi.

*

Shalva shi ne ya riƙe Zakro a hannu ranar da aka yi masa baftisma. Da mahaifin Zakro ya rasu, shi ya koya masa yanka reshen inabi, shi ya saya masa bindigarsa ta farko. Shekararsa saba'in da tara, kuma babu wanda ke musun cewa giyarsa ce ta fi kowace a wannan gefen kogin. Mutane daga birni suna zuwa da bazara, ranar da ake buɗe randunansa bayan wata shida a rufe, don kawai su ga ruwan da ke fitowa, garau, launin ruwan goro.

Eteri ta raka Zakro har ƙofar ɗakin. "Ka zauna gabansa," ta ce. "Kwanan nan ya zama mai rigima. Coci ma ya daina zuwa, wai limamin cocin cinye kalmomi yake yi."

Tsohon yana kwance, an ɗaure masa ƙugu da mayafin ulu.

"Natlia, ya jiki?" in ji Zakro, da sunan da ake kiran uban baftisma.

"Ciwon bayan nan ne, ɗana. Tun Litinin da yamma ya sare ni, ko bayan gida da rarrafe nake zuwa. Na ba Tedo mabuɗi, na ce ya wanke ta huɗu, ya riƙa dama mini sauran har in tashi. Iyakar abin da na sani ke nan."

"Kwana uku ba ka gan shi ba, ba ka nema ba?"

"Tedo ba ya shigowa gaisuwa. Na ɗauka yana aikinsa."

Idon tsohon yana kan bakin Zakro, bai kauce ba. Zakro ya tashi ya je taga, ya tsaya yana kallon rufin marani, taku talatin daga nan.

"Wa kake jin ya tsaya masa a bakin randa?"

Shiru. Ya juyo.

"Eh," in ji Shalva, "bana an yi rana sosai. Inabin ya yi zaƙi."

Zakro ya gyara masa mayafi ya fita. A lokacin ya ɗauka baƙin ciki ne ya sa hankalin tsohon ya yi wani wuri.

*

Asabar da hantsi ya karɓo mabuɗi daga hannun Sufeto, don yana son ya sake duba tsintsiyar. Yana buɗe ƙofa wari ya tare shi. Ba na gawa ba, wannan ya tafi. Wani siririn wari ne mai tsami, da ƙananan ƙudaje suna yawo a hasken ƙofa.

Ya bar ƙofar a buɗe iska ta fita, sannan ya tsuguna a bakin randa ta uku ya yaye ƙyallen da ke kai. Ɓawon ya taso har wuya, ya yi tudu, samansa ya bushe ya yi ƙasa-ƙasa, ya fara tsagewa. Kwana ɗaya ke nan da kulle ɗakin.

Zakro ya zauna a ƙasa. Jiya da safe ya tsuguna a daidai wannan wurin. Ya tuna abin da ya gani bai kula ba, saboda daɓe yake kallo: ƙyallayen a shimfiɗe sumul, babu tudu a ƙarƙashinsu, babu ƙuda ko ɗaya, bakin randunan yana ƙamshin burodi da ɗanyen tuffa. Ya duba doguwar muciyar da ake danna ɓawo da ita. An wanke ta, an jingine ta kai a sama don kada ta taɓa ƙasa.

Ya huda ɓawon, ya zura ludayi can ƙasa, ya ɗebo. Ruwan bai kwanta ba tukuna, gauraye yake, amma launin ya fara kamawa. Ya kurɓa ya riƙe a baki. Sauran zaƙi, ɗan yaji na tsimi a harshe, sannan bauri ya biyo baya ya kama dasashi kamar shayin da ya daɗe a wuta, da ɗanɗanon ɓawon lemo a ƙarshe. Tsami babu, sai ɗan abin da ya taɓa saman tun jiya. Ya ɗanɗana duka biyar. Ya wanke ludayin, ya danna ɓawon kowace randa ƙasa, domin ba ya iya barin su haka, sannan ya fita ya daɗe tsaye a rana.

*

Ƙarfe uku na yamma Sufeto ya tara su a marani. Ya kawo Ramiz da ankwa. Tsiala ta zo, Gocha da Eteri suka riƙo Shalva suka zaunar da shi a kujera kusa da randa ta uku. Mazan da ke gaban ofis suka biyo, suka cika tsakar gida.

Zakro ya ɗebo a ƙoƙon yumɓu ya miƙa wa Gocha.

"Mutum ya mutu a nan, kai kuma walima ka kira mu?"

"Sha ka faɗa mini."

Gocha ya kurɓa. "Lafiya lau. Ta fi ta bara."

Tsiala ta kurɓa ta gyaɗa kai. Sufeto ma. Da ƙoƙon ya zo kan Ramiz ya kau da fuska.

"Ba na sha."

"Ba sai ka sha ba," in ji Zakro. Ya juya wajen taron da ke ƙofa. "Duk cikinku babu wanda ba shi da randa a gida. Sau nawa kuke dama ta a mako na farko?"

"Biyar a yini," wani ya ce. "Shida, idan da zafi."

"Wanda ya bar ta kwana uku fa?"

Gocha ya dubi ƙoƙon da ke hannun Sufeto.

"Ta yi tsami ke nan, sai a zuba wa salak," ya ce a hankali.

"Tedo ya mutu Talata da safe. An ce shi ke damawa. Daga Talata zuwa Juma'a, an ce, babu wanda ya shigo ɗakin nan. Jiya aka kulle shi kwana ɗaya, yau na tarar da ɓawo a bushe da ƙudaje. Amma jiya da safe duk mun shigo, ba mu ga ƙuda ba. Wani ya riƙa shigowa sau biyar a yini, kwana uku, yana dama randuna biyar, yana wanke muciya, Tedo yana kwance taku biyu daga ƙafarsa. Makiyayin da ba ya shan giya ba zai yi haka ba. Wanda ke asibiti ba zai iya ba."

Eteri ta sa hannu a baki.

Shalva yana kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Zakro ya zaga ya tsaya a bayan kujerarsa, kusa har inuwarsa ta taɓa kafaɗar tsohon.

"Natlia," ya ce.

Tsohon bai motsa ba.

"Natlia Shalva!" Wannan karon da muryar da yake kiran karnuka a daji. Har na tsakar gida suka zabura. Shalva ya ci gaba da kallon 'yarsa, yana mamakin abin da ya sa take kuka.

Zakro ya dawo gabansa ya tsuguna, ya yi magana a hankali don tsohon ya ga bakinsa.

"Tun yaushe ba ka ji?"

Shalva ya kwance mayafin ulun da ke ƙugunsa, ya ninke shi, ya ɗora a cinya.

"Shekara biyu. Kunnen dama ne ya fara tafiya."

"Tedo ya sani?"

"Da ya sani da kowa ya sani." Ya dubi randa ta huɗu. "Randata ce. Ubana ya tsaya a bakinta, kakana ya tsaya. In kira wani ya saurara mini a ɗakina? Na ce zan riƙa kallonsa. Na kuwa kalle shi. Sai ta biyu ta fara tumbatsa, na juya in danna ta. Ina dannawa, ina jin waƙar a kaina, na ɗauka a kunnena take. Ban san minti nawa ba. Da na juyo yana zaune a ƙasa, kansa a jikin bango. Na ja igiya, ya fi ƙarfina. Na zura kyandir, ya mutu kafin ya kai rabi."

"Me ya sa ba ka yi ihu ba?" in ji Tsiala. Ba ta gabansa, don haka bai ji ba. Ta taka ta tsaya inda zai gan ta, ta maimaita.

"Ya riga ya tafi, 'yata. Na san fuskar."

"Ka sani ne, ko ka zaɓa?"

Shalva ya sauke ido kan mayafin da ke cinyarsa.

"Marfin fa?" in ji Sufeto.

"Idonsa a buɗe yake, yana kallon sama. Ba na iya dama ta uku yana kallona. Na cire tsani na rufe, na share ɗakin." Ya dubi Ramiz a karon farko. "Ban yi zaton za a kama kowa ba. Da aka kama, na ce bari a rufe randuna tukuna, sai in faɗa."

"Sai bayan sati biyu ake rufewa," in ji Gocha. "Motar kuwa gobe ce."

Sufeto ya ciro mabuɗin ankwa. Mazan da ke ƙofa suka fara janyewa da ɗaiɗai. Wani daga cikinsu, da ya zo wucewa ta gefen Zakro, ya tofar da yawu kusa da takalminsa ya ce, "Ubanka na baftisma. Saboda makiyayi." Zakro bai ɗaga kai ba.

*

Zakro ne ya raka Ramiz bakin kogi, don kada wani ya tare shi a hanya. Garken ya watse a gaɓa, kwana ɗaya da yini babu mai tsaro. Ramiz ya tsaya ya ƙirga da ido, ya sake ƙirgawa. Huɗu babu. Zakro ya ga sawun kyarkeci a yashi, ya nuna masa.

"Zan bi maka gobe."

"Bar shi. Gobe na wuce, ba na kwana biyu a nan." Ramiz ya shafa wuyan hannunsa inda ankwa ta ci. "Batono Zakro, in tambaye ka?"

"Tambayi."

"Da tsohon ya ji tsoro ya kwanta da gaske, bai koma ɗakin ba. Da giyar ta yi tsami fa?"

Zakro ya dubi kogin, sannan ya dubi mutumin.

"Da gobe da safe kana cikin mota," ya ce. "Kuma ni ne shaida."

Ramiz ya gyaɗa kai. Ya ɗauki sandarsa, ya yi wa karnukansa fito, ya shiga tattara abin da ya rage.